Hujin da Lawwali Ya Yi wa Motarsa

Wani ɗan littafi ne ya haɗa ni da Lawwali direba. Fiye da shekara ashirin ke nan, lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta unguwarmu a Matamaye, wata rana bayan la'asar ya yi mini sallama a ƙofar gida, riƙe da wani abu a ƙunshe cikin leda. Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana. Muna haɗuwa a masallaci, amma gaisuwa kaɗai ke tsakaninmu. Ya ce ubangidansa, Alhaji Garba mai fataucin rake, ya sayo mota daga wani furoje, irin shirye-shiryen nan na raya ƙasa, da ya naɗe kayansa a Damagaram, kuma a aljihun motar ya tarar da wannan littafi. Da Faransanci aka rubuta shi, shi kuwa karatun allo kaɗai ya yi. So yake in karanta masa, in juya masa da Hausa, daga farko har ƙarshe.

Na ɗauka shafi biyu uku zai ji ya gaji. Sai da muka yi kusan wata guda a kan tabarma, kullum tsakanin la'asar da magariba. In na karanta abin da ban gane ba, sai ya tashe ni mu je wurin motar, ya buɗe gabanta ya nuna mini abin da yatsa, mu haɗa ganewata da tasa. A haka ya haddace nauyin da aka ce ta ɗauka, da iskar da kowace taya ke so, da lokacin juye baƙin mai. Tun daga nan muka zama abokai. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu, har bayan da na ajiye alli.

Motar Fijo ce fara mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe. Shekara tara yana tuƙa wa Alhaji Garba ita, yana kwaso rake daga fadamun Ɗan Barto. Da tsufa ya kama Alhaji, ya tara ƴaƴansa a zaure, ya miƙa wa Lawwali makulli a gabansu, ya ce kyauta ce, kada wanda ya sa ta cikin gado. Lawwali ya koma tasha da ita, yana jigilar ƴan kasuwa da kayansu tsakanin Matamaye da ƙauyuka.

Wanda bai san tasharmu ba sai an yi masa bayani. A nan ba a barin mota yadda ta zo. Ranar da mutum ya saye ta, kafin ta ɗauki fasinja ko ɗaya, sai ta fara yin kwana uku a wurin mai walda. A ƙara mata ganyen sifirin ta baya don ta jure nauyi, a ɗaga ta sama, a kewaye bayanta da dogayen ƙarafa, a sa mata manyan tayoyi. In inji ya gaji a cire shi a dasa na wata mota daban mai shan gazuwal, wato man dizal. Fitilu da oda mai ƙara da madubai kuma kwalliya ce, kowa da son ransa. Ba wauta ke sa direbobi haka ba. Hanyoyin ƙauyukanmu rairayi ne da kwazazzabai, kuma wanda ya ɗauki buhu goma inda abokin aikinsa ya ɗauki ashirin, iyalinsa ne za su ji a jikinsu.

Lawwali bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko takardar addu'a da ake mannawa a gilashi bai manna ba. Ya ce addu'ar tana bakinsa. In wani abu ya lalace, sai ya nemo irinsa sak, na asali, ko da gwanjo ne da aka kwance daga wata Fijo. In babu a Damagaram sai ya ajiye motar ya tafi Kano da kansa. Ya taɓa ajiye ta kwana goma sha ɗaya saboda famfon ruwa guda, alhali akwai wani a gareji da aka ce in an ɗan goge shi zai zauna.

Mutane sun ɗauka littafin nan ne ya juya masa kai, har wasu na ce mini ni na ɓata shi. Amma abin ya riga littafin. Shi mutumin Yauri ne ta nan yankinmu, ɗan manomi, kuma kamar sauran samarin garinsu, da an kai amfanin gona gida sai ya tafi ci-rani Kano. Rani bakwai ya yi yana aiki a wurin masu kwance motocin da suka yi hatsari ko suka mutu, kafin ya koyi tuƙi. Ya ce mini a nan ya ga inda mota ke karyewa. In ka juya ta ka duba cikinta, sau da yawa ba inda masu ƙera ta suka haɗa ne ke sakewa ba, sai dab da inda wani ya zo daga baya ya sa wutar walda. Ya kuma wanke kujerun wasu motocin da hannunsa kafin a sayar. Wannan bai cika son maganarsa ba.

Babban abokin gardamarsa a gidansa yake. Matarsa Najaha tana da ƙane, Hamisu, wanda shi ne mai waldar da rabin motocin tasha suka bi ta hannunsa. Gajere ne kakkaura, mai dariya, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Da yake ƙanin mata ne, akwai wasa tsakaninsu, kuma Hamisu ya riƙe wannan dama da kyau. Duk ranar da ya zo cin tuwon yayarsa sai ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana lissafa abin da zai yi mata in an bar masa ita kwana biyu.

Wata rana ina wurin ya ce, "Yaya, waɗanda suka ƙera motar nan ba su taɓa ganin hanyar Dawce da damina ba."

Lawwali ya ce, "Ba su gan ta ba. Amma sun auna abin da suka yi. Kai kuwa da ido kake aiki."

Kowannensu yana da abin nunawa. Akwai shekarar da motoci biyu a tasha suka tsage ta ƙasa a wata ɗaya, duka kuwa waɗanda aka ƙara wa sifirin ne ake yi musu lodi har sama. Akwai kuma ranar da motarsa ta kafe a rairayin wani kwazazzabo kafin Dawce, cikinta ya zauna a ƙasa, da kwandunan tumatir na mata huɗu a baya. Tun hantsi har bayan azahar suna haƙa, tumatir na narkewa a rana. Wata motar da Hamisu ya ɗaga da hannunsa ce ta zo ta ratsa wurin ba ko tsayawa, sannan ta dawo ta ja shi da igiya. Lawwali ya yi godiya, ya ba matan haƙuri, ya ƙi karɓar kuɗin mota a hannunsu. Da damina ta sake zagayowa sai ya daina bin wannan hanya, ya bar wa masu dogayen motoci. Motar dai bai taɓa ta ba.

Gidansa bai taɓa yin yalwa ba, kuma Najaha ta san dalili. Ba ta kai ƙararsa ga kowa ba. Ta dai ce wa matata wata rana, mijinta bai taɓa dawo da gawar kowa daga hanya ba, kuma da wannan take lallashin kanta in cefane ya gaza. Tsofaffi da mata masu goyo su ne fasinjojinsa. Suna yi masa mita in ya ƙi ɗaukar buhu na ƙarshe, gobe kuma motarsa za su jira.

Shekara huɗu da suka wuce ya taka wani guntun ƙarfe a gonarsa, ya shige shi ta ƙasan ƙafar hagu. Bai ji zafi sosai ba, shi ya sa bai damu ba. Ya wanke da ruwan gishiri, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da fita. Bai san yana da ciwon sukari ba, babu kuma wanda ya sani. Sai da Najaha ta fara jin wari a ɗaki, ta tilasta masa ya kwance ɗaurin, ta ga yatsu biyu sun yi baƙi. Daga asibitin garinmu aka tura su Damagaram. Likitoci suka fara da yatsun, bayan mako biyu suka ce abin ya haura. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Na je duba shi a can. Yana kwance yana kallon rufi, zanen da aka lulluɓe shi da shi ya faɗa a gefen hagu. Muka gaisa, na yi masa addu'a, ya amsa. Can ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Mushe, ta kuloci ce." Ban gane ba da farko. Sai na tuna da ƙafar hagu direba ke taka kuloci in zai canza giya.

Ya dawo gida da sanduna biyu. Motar tana ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, aka rufa mata tsohuwar tabarma a gilashi. Masu saye suka fara zuwa, don kowa ya san babu Fijo mai lafiyarta a yankin. Yana karɓarsu da mutunci, ya sallame su. Ya gwada ba wani direba mai suna Sule ita. Sule ba mugu ba ne, amma a mako na biyu Lawwali ya hango motar ta shigo layi bayanta ya durƙusa da buhunan gero, ga wata sabuwar oda an ɗaura mata. Da yamma ya karɓi makullinsa, ya yi wa Sule godiya.

Daga nan gidan ya koma wuyan Najaha. Ta ɗauki sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ta bari tun tana amarya. Babban ɗansu yana aikin gini a Abuja, yana aiko abin da ya samu. Ƴan matan biyu suna gidajen mazajensu. Lawwali kuwa ya zauna a zaure. Da safe a shimfiɗa masa tabarma, da magariba a naɗe. Da can ma ba mai surutu ba ne, amma yanzu sai in zauna da shi awa guda bai haɗa jimla uku ba. Yakan ce yatsun da aka yanke suna yi masa ƙaiƙayi, ya kai hannu ya tarar babu.

Bayan wata biyar aka yi masa ƙafar roba a Damagaram. Ya koyi tafiya da ita a tsakar gida, da sanda ɗaya. Wata safiya, bai gaya wa kowa ba, ya cire tabarmar nan, ya sa aka ɗaura batir, ya shiga ya tayar da motar. Ƙafar roba tana iya danna kuloci, amma ba ta jin inda yake kamawa, kuma idon sawunta ba ya lanƙwasa. Da ya zo sakewa sai ta zame. Motar ta yi tsalle ta daki katangar maƙwabcinsa, ta zubar da wani sashe, fitila ɗaya ta fashe. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Mutane suka taru, aka fito da shi, kowa na cewa ba komai. Shekara talatin yana tuƙi bai taɓa goge bangon wani ba. Ya shiga cikin gida, kwana tara ko zaure bai fito ba.

A cikin kwanakin nan Hamisu ya zo. Shi ya gyara katangar tun washegari, da shi da magini, bai bari yayarsa ta ji maganar ba. Ya shiga har ɗaki ya zauna a bakin gado, kuma a ranar bai yi wasa ba. Ya ce akwai hanya biyu. Ko a cire injin da giyar gaba ɗaya a dasa na motar zamani mai canza giya da kanta, ko kuma a mayar da kuloci hannu. Ya ce ta biyun bai taɓa yi ba, amma ya taɓa ganin wani gurgu a Kano yana tuƙa tasi da irinta. Lawwali ya saurare shi har ya gama, ya ce ya gode, a bar maganar.

Najaha ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce ta bari ƙanenta ya tafi, ta sauke kaskon suya, ta wanke hannu, ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. A shekara talatin da biyu na aurensu ba ta taɓa sa baki a maganar mota ba.

Ta ce, "Maigida, ni ban san mota ba. Amma jikinka Allah ne ya halitta shi, kuma da likita ya ce sai an yanke, ka sa hannu aka yanke don ka rayu. Ita wannan mutane ne suka ƙera ta. Ba cefane nake ji ba, ina iya riƙe mu. Zaman nan ne nake gani yana cinye ka."

Ta tashi ta koma kan suyarta. Bayan kwana biyu Lawwali ya aika a kira masa Hamisu.

Maganar dasa wani inji ya ce kada a sake tayar da ita. Kulocin hannu ya yarda a gwada, amma da sharaɗi: ba za a sa wa motar wuta ba, ba za a yanke ta ba, ba za a huda ta ba. Duk abin da za a ɗaura, a ɗaura shi da noti a ramukan da ta zo da su. Hamisu ya ce wannan kamar a ce ya ɗinka riga ba allura ne, amma ya ji. Aka ja motar zuwa rumfarsa da ke bayan tasha. Kullum da safe Lawwali sai ya hau ɗan kabu-kabu ya je, a ajiye masa benci a inuwa, ya zauna yana kallo. Ni ma da ba ni da aikin yi nakan bi shi.

Gwajin farko, Hamisu ya lanƙwasa wani dogon ƙarfe ya ɗaura a hagun sitiyari, in an tura shi da hannu ya danna kuloci a ƙasa. A tsaye abin ya yi kyau. Da Lawwali ya ja motar ɗan taƙi ya zo canza giya, sai ga hannun hagu a kan ƙarfe, na dama a kan giya, sitiyari babu mai riƙe da shi. Ya tsaya, ya kashe, ya ce a cire. Gwaji na biyu, Hamisu ya ɗaura mariƙin birkin babur a jikin sandar giya, da waya zuwa kuloci, don hannu ɗaya ya matse ya kuma canza. Dabarar ta yi, amma ƙarfin da ƙafa ke da shi yatsu ba su da shi. Hamisu da kansa, da hannayensa biyu, da ƙyar ya matse shi rabi.

Na ga Hamisu ya canza a makonnin nan. Mutumin da ke yanka ƙarfe yana hira, sai ga shi ya sayo ma'auni, yana durƙusawa ya auna, ya rubuta a kwali, ya sake aunawa. Ya mayar da ayyuka da yawa da aka kawo masa, har wasu direbobi suka yi fushi suka koma wurin wani. Daga baya ya rufe rumfar ya tafi Kano, ya yi kwana shida yana neman mai tasin nan. Bai same shi ba, amma ya samu wanda ya yi masa aikin, wani tsohon makanike, ya zauna da shi har ya gane sirrin. Ya dawo da wata baƙar tukunya ta gwanjo, irin wadda ke sa birki ya yi laushi ta hanyar zuƙar iskar inji. Ita za ta yi aikin ƙarfi, yatsu su ba ta umarni kawai.

Tukunyar ta samu wurin zama kusa da inji, a kan notuna biyu na asali. Matsalar ita ce wayar da za ta taso daga giya ta iske ta. Tsakanin mazaunin direba da inji akwai bangon ƙarfe, kuma ramukan da ke jikinsa babu wanda ya zo daidai. Kwana uku Hamisu yana bi da ita ta nan, ya bi da ita ta can. Duk inda ta bi sai ta lanƙwashe ta riƙa cijewa, kuma kulocin da ke cijewa a kan hanya ya fi rashinsa haɗari. A rana ta huɗu ya goge hannunsa, ya zo ya tsuguna gaban benci.

Ya ce, "Yaya, na yi iyakar abin da na sani. Sai an yi huji ɗaya, kamar faɗin ɗan yatsa. In ba ka yarda ba, in kwance komai in mayar maka da ita yadda ka kawo ta, ba zan ji haushi ba."

Lawwali ya daɗe yana kallon motar. Ya ce a bar shi zuwa gobe.

Washegari ya biyo ta gidana ya ce in ba shi guntun alli. Da muka isa rumfa ya sa aka shimfiɗa buhu a ƙasan mazaunin direba, ya kwance ƙafar robarsa ya jingine ta da taya, ya ja jiki ya kwanta rigingine, kansa a ƙarƙashin sitiyari. Hamisu ya nuna masa wurin ta ɗaya gefen. Suka auna tare, sau uku, ya ɗiga alli. Hamisu ya ɗauko injin huda ƙarfe zai shiga, sai Lawwali ya miƙo hannu. Hamisu ya ɗan tsaya, sannan ya sa masa shi a hannu, ya riƙe masa wayar lantarki kada ta naɗe. Na ji ya yi bisimilla. Hudawar ba ta kai minti ɗaya ba. Bayan nan ya nemi zarto ya goge bakin hujin har ya yi sumul, ya shafa masa fenti da tsinke don kada tsatsa ta kama, ya sa zoben roba. Ya fi rabin awa a kwance a wurin. Da muka taimaka masa ya fito, garin ƙarfe ya zuba masa a gemu, idanunsa sun yi ja. Ya ɗaura ƙafarsa, ya koma benci.

Wayar ta wuce miƙe. Da aka tayar da inji, Hamisu ya matse mariƙin da yatsu biyu, muka ga kuloci ya sauka da kansa kamar an taka.

Sai da ya sake koyon tuƙi. Mako uku muna zuwa filin ƙwallo da sassafe kafin a cika shi, ina zaune a gefensa. Motar ta mutu a hannunsa ba adadi. Ƙafar da babu ita takan motsa tana neman kuloci, sai ya tsaya ya dafe cinyarsa ya jira abin ya wuce. A hankali yatsun suka gane inda yake kamawa. Bai ɗauki kowa ba sai da ya yi Matamaye zuwa Kance shi kaɗai sau da yawa, ya kuma kai motar Damagaram aka duba ta tare da takardunsa. Ranar da ya koma tasha, matan da suka saba da shi suka bar motar da ke kan layi suka zo suka tsaya a bayan tasa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta leƙa ta ga mariƙin babur a jikin giya, ta tambaye shi ko shi ma ya shiga sahun masu kwalliya ne. Ranar na fara ganin haƙoransa tun da aka kwantar da shi.

Dogayen hanyoyi ya bar su. Ya tsaya a kan Ɗan Barto, inda ya fara, rake da ƴan kasuwa, sawu biyu a rana. Abin da Hamisu ya ɗaura yana aiki, amma yana da halinsa. Wayar babur ce, ba don wannan aka yi ta ba, duk wata uku ko huɗu sai ta tsinke. Ta taɓa tsinke masa a tsakiyar hanya da lodi, ya yi awa biyu a rana kafin a kawo wata. Tun daga nan yake yawo da guda biyu a ƙarƙashin kujera, ya kuma koyi canza ta da kansa. Gardamar tasu ma ta dawo. Lawwali ya ce duk motar babu abin da ke ba shi wahala sai abin da aka ƙara mata. Hamisu ya ce abin da aka ƙara matan ne ya fito da shi daga zaure. Najaha ta ajiye musu tuwo ta bar su. Da wani saurayi da ya sayi mota ya zo neman shawarar Lawwali ko ya ƙara sifirin, sai ya tambaye shi me ya rasa a motar da har yake son ƙarawa. Ya ce masa in akwai abin da ya hana shi aiki, ya je wurin Hamisu. In kuwa buhu biyar yake son ƙarawa a kan abin da aka ce ta ɗauka, ya fara zuwa ya ga inda ake kwance motoci tukuna.

Bara da bazara Hamisu ya kwanta da zazzaɓi. Kwana huɗu ya yi, Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata ɗaya, Sa'a, da ƴaƴa biyar. Duk wanda ya ga su biyun zai ce Lawwali ne zai riga tafiya, ga sukari, ga ƙafa, ga shekara goma sha biyu da ya ba shi.

Aka yi wa Hamisu salla da hantsi a ƙofar gidansu. Maƙabartar tana da nisa daga unguwar, kuma Lawwali ba ya iya wannan tafiya da ƙafar roba. Da aka ɗaga makara, sai ya shiga motarsa. Tsofaffi shida da su ma ƙafa ta gaza musu muka taimaka suka hau baya, ni na zauna gaba. Ya bi bayan jama'a a giya ta ɗaya, da tafiyar mai tafiya a ƙasa, yatsunsa suna matsewa suna sakewa a kan mariƙin nan tun daga unguwa har bakin maƙabarta, motar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Direbobin tasha duk suna cikin masu karɓa-karɓar makara. A bakin shiga ya tsaya, don rairayi ne tsakanin kaburbura kuma sandarsa nutsewa take. Tsofaffin suka sauka aka riƙa su. Na ce in zauna da shi, ya ce in je. Da na waiwaya daga ciki na hango shi ya buɗe ƙofa, ya juyo da jikinsa wajen da ake binnewa, ya ɗaga hannuwansa.

Ya jira har aka gama, ya mayar da tsofaffin kowa ƙofar gidansa. Kwana uku ya zauna karɓar gaisuwa a kan tabarma tare da dangin matarsa. A rana ta huɗu aka aiko daga Ɗan Barto cewa an sare rake tun shekaranjiya, yana bushewa a bakin fadama. Ya shiga cikin gida ya gaya wa Najaha, ta ce ya je. Ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya zagaya tayoyi huɗu yana dogara sanda, sannan ya tayar da mota ya tafi.